Malam Surajo Wagini: Sun Karɓe Kujerarka, Sun Kuma Yi Talla da Mutuwarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, daidai da 16 ga Zulƙida, ina tsakar gida ina shanya da hantsi wayata ta yi ƙara. Hassana ce. Ko sallama ba ta iya yi ba, ta ce, "Nusaiba, Malam ya cika." Malam Surajo Hamma Wagini ke nan, mijinta, malamina, mutumin da ya kafa kamfanin Kasuwar Tafin Hannu a Batsari, inda ake koya wa mutane tallata hajarsu ta intanet. Ya rasu a asibiti a Katsina yana da shekara arba'in da huɗu, bayan ya yi fiye da shekara yana fama da ciwon ƙoda. An kawo shi Wagini, aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kusa da mahaifinsa.

Malam, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da halinka. Na zauna sau uku ina farawa ina yagewa. Akwai abin da na sani, kuma idan na ɓoye shi na yi shiru, na zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ci amanarka. Saboda haka zan faɗi alherinka, zan kuma faɗi abin da aka yi maka.

A 2019 na fara zuwa wurinka. Na gama makarantar horon malamai ba aiki, ina ɗinka zannuwan gado waɗanda ba mai saye sai maƙwabta. Kamfanin a lokacin shago ne mai ɗaki biyu kusa da tasha, da benci huɗu da kwamfuta ɗaya wadda sai an tokare ta da littafi take tsayuwa. Ranar farko ka ajiye tiyar wake a kan tebur, rabinsa mai kyau, rabinsa ƙwari sun huda, ka ce kowa ya ɗauki hotonsa da waya kamar zai sayar. Mu goma sha biyu, ba wanda bai tura mai hujin ƙasa ya baza mai kyan a sama ba. Ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya kana murmushi, sannan ka ce, "Mai sayen nan yana Legas. Ba zai iya sa hannu ya juya waken ba. Ku ne hannunsa, ku ne idonsa. Wanda ya rufe masa ido sau ɗaya ya sayar sau ɗaya ke nan." Wata uku muka yi muna koyon ɗaukar hoto da rubuta bayanin kaya da amsa wa mai saye da aika kaya ta mota, amma duk a kan wannan maganar aka ɗora su.

Ba ka jiran mutane su zo. Na tuna Fanta ta Zakka, mai man shanu, wadda ba ta karanta boko, Hausar ma sai ta gauraya da Fulatanci. Ka hau babur ka same ta a rugarsu, ka zauna a kan turmi, ka koya mata aika saƙon murya da harshen da ta tashi da shi, wanda kai ma da shi ka tashi. Ka nuna mata yadda za ta zuba man a roba mai murfi, ta ajiye ta a inuwar bukka ta ɗauki hoto. Da mijinta ya nuna bai yarda matarsa ta riƙa magana da baƙi a waya ba, ba ka yi masa wa'azi ba. Ka koma Zakka sau biyu, ka koya masa shi ma, har ya zama shi ke kai kayan tasha. Yau man Fanta yana zuwa Kaduna da Abuja.

Sai shekarar 2021, da aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Muka ce shi ke nan, kasuwa ta mutu. Kai kuwa sai ka sayo buhu. Duk Litinin da Alhamis ɗalibai su kawo wayoyinsu, ka manna wa kowace takarda mai sunan mai ita, ka zuba a buhu, ka hau a-kori-kura zuwa Katsina, a kan hanyar da masu ƙarfin hali ma ke shakkar bi. A can ka zauna a barandar shagon wani abokinka, ka kunna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka amsa wa masu saye da sunan kowa, ka rubuto abin da aka nema, ka dawo kafin magariba. Mahaifiyarka ta yi kuka ta roƙe ka ka daina. Ka durƙusa ka ce mata, "Inna, gida talatin ke cin abinci daga buhun nan. Ki sa mini albarka kawai." Ta sa, ka ci gaba har aka maido da sabis.

Yanzu kuma Kamalu.

Ya zo maka a 2020, saurayi mai kaifin kai da zaƙin baki. Kai ka koya masa komai, kai ka sa shi gaban aji, kai ka naɗa shi mataimakinka. Da ka so buɗe reshe a Safana, ka shigo da wasu 'yan kasuwa biyu daga Katsina suka zuba hannun jari, suka zama masu faɗa a ji a kamfanin. Ba ka ga aibu a ciki ba, don kai ba ka iya zargi ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ana wanke maka ƙoda sau biyu a mako, sai mutanen nan biyu suka zauna da Kamalu a wani otal a Katsina, cikin watan Nuwamban bara. Tsakanin otal ɗin da gadon da kake kwance bai kai tafiyar minti goma a Keke Napep ba. Ba wanda ya leƙo. A zaman nan suka tuɓe ka, suka ɗora shi. A wayar Hassana ka ga labarin: hoton Kamalu cikin kwat, ya naɗe hannuwa a ƙirji, an rubuta "Sabon Jagora, Sabuwar Tafiya". A ƙasa aka ce wai kai ka sauka don raɗin kanka domin ka huta. Ka nemi shiga shafin kamfanin, shafin da ka buɗe da tsohuwar wayarka mai fasasshen gilashi, ka tarar an canza lambar sirri.

Ban ce marar lafiya zai iya riƙe kamfani ba. Kai ma ba ka ce ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wata ɗaya kafin wannan zama ka faɗa mini da bakinka cewa kana so ka tara ɗalibai ka miƙa wa Kamalu ragamar a gabansu, ka yi masa addu'a. Abin da za a ba shi a faranti da rana tsaka shi ya haura katanga ya ɗauka.

Cikin mako biyu darussan suka canza. Aka sa wa kwas ɗin suna "Zama Miloniya da Wayarka". Aka fara koya wa yara yadda za su kwafi hoton kayan wani su ce nasu ne, da yadda ake sayen mabiya na bogi don shafi ya cika ido. Kamalu ya yi hayar mota ta yini ɗaya, ya jingina da ita aka yi masa hotuna, aka baza su a matsayin abin da sana'ar ta ba shi. Kowane ɗalibi aka ce ya kawo mutum uku. Azuzuwan ƙauye da kake zuwa da babur aka rufe su, wai ba su da amfani ga kamfani. Har hoton Fanta suka ɗauko suka manna a fasta, suka ce ta gina bene albarkacin sabon kwas, ita da ba ta taɓa taka ajinsu ba. Ta zo ofis da robar manta a ka, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ina benen? Ku nuna mini in shiga, damina ta kusa." Suka yi dariya. Fastar tana nan manne a tasha har yau.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. A lokacin ina koyarwa a reshen Safana, kuma na zauna wata uku ina gani ina kawar da kai, ina ce wa kaina ai albashi ne. Ran nan Kamalu ya miƙo mini takardar darasi a kan yadda mutum zai rubuta wa kayansa yabo da sunaye daban-daban kamar masu saye ne suka rubuta. Na karɓa, na shiga aji, na koyar. Ina cikin rubutu a allo Saude mai ƙuli-ƙuli, dattijuwa sa'ar mahaifiyata, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba wannan ne ake kira shaidar zur ba?"

Washegari na tafi Katsina na same ka. Ka rame har zoben azurfarka yana zamewa. Na faɗa maka komai, ina jira ka ce in ajiye aikin. Sai ka tambaye ni, "Kin koyar?"

Na ce, "Sau ɗaya, Malam."

Ka ce, "To ki fara komawa ajin nan ki gaya musu kin yi kuskure. Kowa da ya ji darasin ya ji warwararsa daga bakinki. Bayan nan in kin ga dama ki tafi."

Na ce, "Kamalu fa?"

Ka ce, "Ni na koya masa yadda ake magana da mutane. Ban tsaya na duba ko ya koyi jin kunyarsu ba. Da laifina a ciki." Na koma Safana na yi abin da ka ce, a gaban mata ashirin da biyu, sannan na ajiye musu makullinsu.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Ashe da saura. Ranar da ka rasu, ana cikin yi maka wanka, shafin kamfanin ya fito da hotonka, wanda kake murmushi a gaban allo. Sama an rubuta Inna lillahi. Ƙasa an rubuta: "Domin tunawa da wanda ya kafa mu, rangwame na musamman, kwana uku kacal. Yi rajista yanzu." Ba a ko sa ka a likkafani ba, Malam.

Ranar sadakar uku Kamalu ya zo Wagini cikin farar shadda, da mai ɗaukar bidiyo a bayansa. Mazan da ke waje sun ce Baffa Jafaru, ƙanen mahaifinka, ya dube shi ya ce, "Ɗana, in gaisuwa ka zo, ga tabarma. In aiki ka zo, nan ba kasuwa ba ce." Ya zauna, amma bai haƙura ba. Sai ya turo Surayya, sabuwar sakatariyarsa, cikin gida inda muke zaune da Hassana tana takaba. Yarinyar ta durƙusa, waya a hannu, ta ce wai Shugaba ya ce ko Hajiya za ta yi 'yar magana a ɗauka, cewa marigayi ya sa wa sabon shugabanci albarka kafin ya cika.

Hassana ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ki gaya wa Kamalu, wata shida mijina ya yi a kwance bayan sun cire shi, kuma ƙofar ɗakin asibitin nan ba ta da kwaɗo. Abin da yake so ya ji daga bakinsa, da ya zo ya tambaye shi yana da rai." Surayya ta kifa wayar a tabarma, ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, ta ce a yafe mata, aiko ta aka yi. Ita dai ta ji kunya. Shi kuwa da yamma ya sa bidiyonsa a shafi, ya ɗaga hannuwa sama yana addu'a a ƙofar gidanku, da kiɗa mai taushi a ƙarƙashi.

Kamfanin yana nan, rajista tana gudana, an ma sake wa ofishin fenti. Ba ni da ƙarfin rufe shi, ba kuma zan yi ƙaryar cewa ya kusa rushewa ba. Abin da zan iya faɗa maka shi ne, mako biyu bayan rasuwarka Saude ta share zauren gidanta a Safana ta aiko a kira ni. Duk Asabar muna haɗuwa, mata goma sha ɗaya, Fanta tana zuwa daga Zakka a bayan babur ɗin mijinta. Ba mu da suna, ba mu da allon ƙofa. Abin da ka koya mana muke koya wa juna.

Hassana ta ce kafin ka cika ka ce ka yafe wa kowa, har ka ambaci sunan Kamalu. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma ya dace da kai. Ni ban kai can ba tukuna, kuma ba zan rubuta a ta'aziyyarka abin da ba ya zuciyata ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, Inna Zuwairatu, da ta rasa ɗan da ke durƙusa mata. Ga Hassana, da ta yi jinyarka ba tare da ta taɓa ƙosawa ba. Ga 'ya'yanka Mubarak da Mahfuza da 'yar auta Nana Hadiza. Ga Baffa Jafaru da dukkan dangi na Wagini. Da ɗalibanka na Batsari da Safana da Zakka da rugagen da ba su da suna a taswira.

Allah Ya jiƙanka, Malam Surajo. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya ba ka ikon amsa tambaya. Allah Ya sa duk lomar halal da wani ya ci ta dalilin iliminka ta zama nauyi a mizaninka. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya tsare su daga hannun marasa kunya. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a bar gawarmu ta huta.

Amin.

Nusaiba Sammani
Batsari