Kiɗan da Yaya Ba Ya Ji

Ɗiyata ce ta nemo min faifan a waya. Ban san sunan mawaƙan ba. Abin da na iya gaya mata shi ne Turawa ne, a bangon kaset ɗin akwai samari ramammu sun ɗaura taye siriri kamar igiya, mai waƙar kuma yana yi kamar shaƙuwa ta kama shi. Tana lalube tana min dariya, har na ji jitar nan mai tsini ta faso, ganga na bin ta a guje. Na ce, "Tsaya nan, shi ne."

Asalin kaset ɗin na yayana ne. Lokacin da yake jan bas tsakanin Birnin Kudu da Basirka ya sayo shi a Kano wurin 'yan gwanjo, don kawai bangon ya burge shi. Ba ya jin Turanci, amma babu juyin kiɗan da bai haddace ba, yana tuƙi yana buga sitiyari da yatsu. Fasinjoji kan ce, "Direba, kiɗa ne wannan ko gwangwani ake ja?" Sai ya ƙara murya.

Da bas ɗin ta mutu, ya kafa injin niƙa a Gwaram. Da injin nan ya riƙe karatuna har na gama. Ƙarar injin ce kuma ta cinye masa kunne a hankali, yanzu sai an ɗaga murya a gefen kansa yake tsintar kalma ɗaya ko biyu.

Murnar samun faifan ta rufe min ido. Ran Asabar na hau mota zuwa Gwaram, ban tsaya na yi tunani ba. Na same shi a zaure, muka gaisa, na kunna wayar na ajiye tsakaninmu a kan tabarma ina jiran ya zabura. Bai motsa ba. Ƙafata yake kallo, wadda ta fara bin ganga ban sani ba.

Ya ce, "Me kake ji haka?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kaset ɗinka ne, Yaya! Na cikin bas!"

Ya ɗauki wayar ya kara a kunnen dama, ya mayar hagu, sannan ya danna ta a muƙamuƙinsa ya rufe ido. Can ya ce, "Ina jin tana rawa a ƙashina. Wacce ce? Mai molon nan da ke kuka kamar sauro?" Na gyaɗa kai. Sai ya shiga buga gwiwarsa da yatsu, ya riga kiɗan gaba, domin wanda ke cikin kansa yake bi.

Matarsa ta shigo da fura, ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye ƙwaryar ta koma ciki. Na ji kamar na zo cin nama gaban mai azumi, kuma naman da guminsa aka saya. Na miƙa hannu zan kashe, ya riƙe min yatsu.

"Bar ta ta ƙare," in ji shi. "Akwai wata bayan wannan, ta fi daɗi."

Muka zauna har faifan ya ƙare. Furar dai ban iya sha ba.