Mussar Hajiya da attarugun Baba

Da Baba ya yi ritaya muka bar gidan gwamnati na GRA, muka koma gidan gado a Ƙofar 'Yandaka. Kayan ɗaki duk a mota aka zuba su, amma wani gwangwanin madara a aljihunsa ya sa shi. Irin attarugu ne a ciki, wanda ya daɗe yana shukawa a bayan kwatas, yana cire iri kowace shekara. Wanda ya shiga gidan gwamnatin bayanmu ya malale lambun da siminti, don haka abin da ke gwangwanin nan shi kenan.

Katanga ɗaya ta raba mu da Hajiya, mahaifiyar Mama. Hajiya kuwa tana da kyanwa, mussa kamar yadda muke cewa, wata fara mai ƙiba da ba ta san kunya ba.

Baba ya gyara fili a gindin katangar. Wallahi har da rariyar Mama ya tankaɗe ƙasar, ya haɗa da taki da rairayi, ta yi laushi kamar garin tuwo. Unguwa duk siminti, sai ga wannan. Mussa ta leƙo, ta ga an yi mata banɗaki na alfarma. Washegari ta tone rabin shukar, ta binne abin da ta binne.

To, ga inda Baba ya rasa yadda zai yi. Ba ya dukan mussa, yana tsoron alhakinta. Ba ya kuma iya kai ƙara, don tun da ya auri Mama bai taɓa haɗa ido da Hajiya ba. Ko muryarta ya jiyo a zaure, sai ya tuna yana da uzuri a masallaci. Ya barbaɗa garin barkono, shi ya yi ta atishawa. Ya jera ƙaya, ita ta soke shi. Ya kafa tsohon gidan sauro, mussa ta shige ta yi barcin rana a ciki.

Da ya rage iri bai fi cikin cokali ba, sai ya ce mini, yana kallon ƙasa, "Ko za a gaya wa mutanen gidan can, dabbarsu tana ɗan shigowa."

Ni jika ne, bakina a sake yake. Na sami Hajiya na ce, "Tsohuwa, 'yarki mussa ta gama da gonar surukinki."

Ta ce, "Kai tafi can, maigidan da ko cefane bai iya ba. Wa ya ce ya yi mata shimfiɗa?"

Muka yi dariya. Amma dai na faɗa mata irin saura cokali guda. Kwana biyu bayan haka ta sa aka kai mussa gidan ƙanwarta a unguwar Gobarau.

Attarugu ya tsiro, kore shar. Baba har da 'yar waƙa wajen ban ruwa. Sai dai kullum da la'asar, yana tsugune a gindin katangar, mukan ji Hajiya ta manta, ta buga kwano tana "mus, mus". Sai ta tuna, ta yi shiru. Tun rasuwar Kaka, mijinta, da mussar nan take hira. Na ga Baba ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙafarsa. Ni kaina abin ya taɓa ni.

Ran Juma'a bayan masallaci ya hau babur bai ce wa kowa komai ba. Ya dawo da kwali a baya, hannayensa duk yaƙushi. Ya cire tsiro uku ya dasa a tsohon bokitin fenti, ya rataye a reshen darbejiya. Sannan ya taka turmi, ya kawar da kai gefe don kada ya leƙa gidan surukai, ya sauke mussa a kan katanga.

Kafin magariba ta tone sauran kaf.

Da safe Hajiya ta kira ni. Mussa na kwance a cinyarta. Ta ce, "Ka gaya wa mutumin gidan can, na ga saƙo."

Da na gaya masa, yana kan turmi yana ba bokitinsa ruwa. Bai juyo ba. Ya ce, "Wane saƙo? Ita ta san hanya."