Kujerun Kawu a Bidiyon Honorabul

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, hayar kujerun roba yake bayarwa tun kafin in yi wayo. In ka ji yana maganar sana'ar sai ka rantse jiragen sama yake da su. Yakan ce babu wani babba a garin nan da bai taɓa ɗora mazaunansa a kan dukiyarsa ba, don haka shi ba ya tsoron kowa, ya san nauyin kowa.

Kowace kujera sai ya rubuta lambar wayarsa a bayanta da jan fenti, ɓaro-ɓaro, yadda ko mai ciwon ido zai karanta daga tsallaken titi. Kuma ba ya barin kujerunsa su je taro su kaɗai. Shi zai kai su, ya jera su, ya ja guda ɗaya ya zauna a gefe har a tashi, yana hararar duk mai ƙibar da ya fara lilo da ƙafafun baya. Ta haka ya ci abincin rabin gidajen garin ba tare da an taɓa gayyatarsa ba. Umma, wato mahaifiyata, ita ta goya shi yana jariri, kuma ita kaɗai ke iya ce masa ya yi shiru ya yi.

Da annobar korona ta zo aka hana taro, kujerun suka koma shago, an ɗora su kan juna har rufi. Kawu bai karaya ba, sai ya zama malamin doka. Yana zaune a bakin shagon da takunkumi rataye a haɓa, rediyo a kunne, yana maimaita wa masu wucewa duk abin da ɗan majalisarmu ya faɗa. Honorabul ya ce a zauna a gida. Honorabul ya ce a wanke hannu. Kai ka ce kafin Honorabul babu wanda ya san sabulu.

A cikin wannan kullen mahaifina ya rasu. Mutane kaɗan aka bari suka raka shi. Washegari Umma ta sa na kira mata Kawu, ta ce ya kawo 'yan kujeru a jera su nesa-nesa a tsakar gida, saboda masu leƙowa gaisuwa. Ina kusa da ita, ina jin komai. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya gyara murya ya ce doka doka ce, in aka ga kujerunsa a waje kwashe su za a yi, kuma lambarsa tana jiki. Har ya fara kawo maganar Honorabul.

Umma ta ce, "To, ba komai." Ta miƙo mini wayar.

Ni na san wannan ba komai ɗin. Masu gaisuwa a ƙasa suka zauna, tsofaffi da ciwon gwiwarsu. Kawu bai zo ba. Na ji haushinsa har cikin raina, ita kuwa ko sunansa ba ta ƙara ambata ba.

Ba a daɗe ba bidiyo ya fito. Honorabul ne a farfajiyar gidansa, ana murnar zagayowar ranar haihuwarsa, mutane maƙil, ba takunkumi ko na magani, yana rawa da tumbi a gaba kamar an jona masa wayar lantarki. Gari ya ɗauki zafi. Matar da aka rufe wa shagon ɗinki ta zage shi, direban da aka kama ya zage shi, waɗanda ba su ga gawar iyayensu ba suka rasa ma zagin da zai ishe su. Honorabul ya shiga rediyo ya ce taron aiki ne. Aka tambaye shi kiɗan fa, ya ce don ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa ne.

Kawu ya fi kowa kumfar baki. Ya ce a kama shi, a ɗaure shi, a sa ya share kasuwa. Yana cikin haka mai gyaran waya na kusa da shagonsa ya tsayar da bidiyon, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya nuna wa jama'a. Ga jan fenti a bayan kowace kujera. Can gefe kuma, kusa da tukunyar furanni, ga wani mutum zaune da cinyar kaza a hannu yana hararar wani mai ƙiba.

Wayoyin Honorabul duk a kashe suke, ƙofar gidansa da masu gadi. A duk bidiyon nan lamba ɗaya ce ta fito, kuma mai ita ba ya iya ƙin ɗaga waya, don kada ciniki ya wuce shi. Haka duk fushin garin ya sauka a aljihun Kawu. Wasu su zage shi don kansa, wasu su ba shi saƙon zagi ya kai wa Honorabul. Wata tsohuwa ta kira ta yi kuka kawai ta kashe. Wani ya zage shi tas, sannan ya tambaya ko kujerun za su samu in an buɗe gari.

Aka kafa kwamiti. Honorabul ya ce in akwai wanda ransa ya ɓaci, to ya yi haƙuri. Kwamitin ya yi dogon nazari ya gano cewa ba a taro sai da wurin zama, sai aka turo mota ta kwashe kujerun Kawu. Wanda aka hukunta ke nan a kan maganar.

Duk wannan bai rage wa Kawu tumbi ba. Abin da ya rame da shi shi ne, cikin masu kiran nan babu Umma. Ya tare ni a hanya ya tambaya ko ta ga bidiyon. Na ce ta gani, har ta sa na tsayar mata daidai wurin kazar.

Da hantsi ya zo, ɗauke da kujeru biyu da suka tsira don ƙafafunsu a karye suke, ya ɗaure su da waya, ya kankare fentin. Umma tana tsakar gida tana wanki. Ya jera kujerun, ya tsaya. Ya ce yunwa ce ta sa, ya ce ba a ce wa Honorabul a'a, ya ce shi ma an cuce shi. Ta ci gaba da cuɗa rigar.

Da ya ƙare ya ce, "Yaya, ga kujerun. Na san sun makara."

Ta matse rigar ta jefa a bokiti, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Kai kana ganin kujera na rasa? Maƙwabta suna da benci. Na san halinka ne. In kujerunka suka zo, kai ma dole ka zo ka zauna har a tashi."

 Kawu bai hau kujerar ba. Ya tattara farar rigarsa ya zauna a ƙasa, kusa da bahon, inda ruwan sabulu ke gangarowa. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, karo na farko a rayuwarsa ya ƙyale ta.

Umma ta ce ya ɗaga, masu zagin ma suna da hakki. Bai ɗaga ba. Ta tura masa bokitin da ƙafa, ta ce tunda ya zo sai ya yi shanya.