Bas ɗin da na saya a Bande

Har yau in na ji an ce "bas" sai raina ya ɓaci, ko a rediyo ne. Kalma ce 'yar mitsitsiya, amma ɓarnar da ta yi mini ta fi ta gara.

Lokacin Faransawa na nan, dab da su tattara nasu ya nasu, ina koyarwa a lekol ɗin Magariya, yara da iyayensu kowa Mushe yake ce mini, wato malam a bakin Faransawa. Mu samarin ma'aikata muka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa, muna kwaikwayon fayafayan garmaho. Ma'aikacin gidan waya yana da jita, mai allurar asibiti yana da ganguna, ni kuwa aka miƙo mini kwalba da ƙusa in yi ta ƙwanƙwasawa. Mutum yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, wai shi ne na kwalba! Abin yana ci mini rai. A cikin fayafayan nan akwai wata murya mai kauri da ke tafiya ƙarƙashin kiɗan, har cikin mutum take taɓawa. Mai jitar ya ce sunanta bas da Faransanci, babbar jita ce mai waya huɗu. Na ce to ita nake so.

Sabuwa dai ba zancen mushe ba ce, ko a mafarki. Sai aka ba ni labarin wani tsohon soja a Bande da ya dawo daga yaƙi da irinta. Na je na same ta rataye a rumbu. Jikinta lafiyayyen katako ne, amma gara ta huda mata ciki, wuyan ya tsage, makunnan ɗaure waya biyu sun ɓace. Wayoyin kuwa ya daɗe da kwance su ya ɗana wa zabi tarko. Duk da haka da muka zo ciniki sai ka ce ingarma yake sayarwa. Sai da na saurari yaƙin kaf, tun daga hawa jirgin ruwa har dawowa, sannan ya karɓi abin da ya rage na albashina, ya haɗa da fitilar kekena. Na ɗauro ta a bayan keken, duk wanda na gamu da shi sai ya tsaya ya tambaye ni akwatin mene ne.

Gyaran ma wata azaba ce. Masassaƙi ya dube ta ya ce in bari ya fafe ta ta zama akushi, ta fi amfani. Da ƙyar ya yarda ya liƙe wuyan da ƙaro, ya ɗaure shi da jijiya. Mai haɗa gurmi ya rufe ramin gara da fatar guza, yana yi yana mita wai kayan Turawa ba su da albarka. Maƙeri na ce ya ƙera mini makunnai ƙanana, ya kawo mini wasu ƙatti da za su iya riƙe ƙofar zaure, na mayar, ya rage, na sake mayarwa, muka kusa dambe. Daga ƙarshe dai ta tashi, rabi jita rabi gurmi, sai waya kawai.

Duk wannan a ɓoye nake yinsa, saboda Inna. Tana ƙauyenmu, Kwaya, kuma gidanmu ba a kiɗa. Noma ne da kiwo, kiɗa na maroƙa ne, in ta ji ɗanta da aka kai lekol ya koma rungumar garaya ban san inda za ta sa kanta ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata, in za ta yi mini magana sai ta fuskanci bango ta ce "a ce masa". Dukiyarta a duniya jar saniya ce guda da ta gada wajen uwarta. Nononta muka sha muka girma. Saniyar tana da wani kuka mai kauri da ake ganewa tun daga bakin gari. Ni dai burina bas ɗin ta yi kuka, Inna kuma kar ta ji.

Waya irin wannan sai kantunan Kano. Ina da kawu can, wan Inna, ɗan kasuwa ne, ya daɗe a ƙasar Ingilishi har bakinsa ya juye. Na tari direban wata babbar motar gyaɗa, Bakano ne da ya san shagonsa, yana shirin tashi, na ce, "Don Allah ka ce wa Kawu na sayi bas. Tsohuwa ce amma da sauran ƙarfinta. Wayoyi huɗu kawai nake nema, masu kauri."

Ya zaro ido. "Bas ka saya, Malam? Kai, barka! Allah ya sa a mora!"

Na ce amin. Har na ji daɗi, na ce ashe mutumin nan ya san kiɗa. Ni ina na sani? Mu nan motar ɗaukar mutane kar muke ce mata, su kuwa can bas.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina wanki a tsakar gida na ji sallama. Kawu ne da babbar riga, yana jan buhu. Bayansa Inna a kan jaki, ta ɗaura zanen da ba ta fitarwa sai da salla. Inna ba ta taɓa zuwa Magariya wajena ba.

Kawu ya rungume ni. "Ɗana, ka fitar da mu kunya! Sai da na biya ta Kwaya na yi wa uwarka albishir, gari duk ya ɗauka. Ga wayoyinka." Ya zazzage buhun, wasu baƙaƙen wayoyi masu maiƙo suka zubo. "Ga ta birki, ga ta totur, ga ta kuloci, ga ta birkin hannu. To ina take? Gareji ka kai ta?"

Na ce, "Tana ƙarƙashin gado, Kawu."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Da ya ga ban yi ba, dariyar ta tsaya. Na shiga na jawo ta, da fatar guzarta da makunnan maƙeri, na jingina ta a bango.

"Mene ne wannan?"

"Bas ce."

"Wannan garaya ce, ɗan nan! Garayar Nasara!"

"Kawu, mu nan waccan da kake nufi kar muke ce mata."

"Kar? Kar me? Wane mai hankali ne zai ce wa bas kar? Faransawan nan sun lalata muku baki!"

Na ce Ingilishi ne suka lalata nasu. Muka yi ta yi, shi yana kare Turawansa ina kare nawa, kamar wani cikinsu ya taɓa ba mu ko goro. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni. Da ya tsaya ya tambayi direban launin motar ma, da an huta.

Inna ta dubi bas ɗin ta daɗe. Sannan ta kwance wani ƙullin kuɗi daga bakin zanenta, ta ajiye kan tabarma, ta juya ga bango. "A ce masa na taya ne."

Ban gane ba. Kawu ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. Ashe shi ya gaya mata tsohuwar bas tayoyi take ci, kuma tayoyi tsada gare su. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa aka ja jar saniyar kasuwa.

Ko takalmi ban sa ba na yi kara, kasuwar shanu, da gudu. Dillalai suka ce ai tun waccan kasuwar aka kora garken kudu, yanzu ta tsallake iyaka. Na tsaya cikin kashin shanu ina jin kamar in fasa ihu. Ban san da wa zan yi faɗa ba, da direba, da Kawu, ko da harshen mutane biyu da suka rasa kalmar da za su yi tarayya a kanta sai wannan.

Kawu ya koma Kano washegari, ya bar mini buhunsa. Inna ta ce jakin ya gaji, za ta ɗan kwana biyu. Na san ba jaki ba ne. Matan Kwaya na can suna jiran ranar da za a ɗebe su zuwa Damagaram kyauta a motar ɗanta.

Da haushi na zauna kan wayoyin nan. Na wanke su da kananzir, na warware su, na rage wa wata silli na bar wata da kaurinta, yatsuna duk suka tsattsage. Ɓoyo kuma ya ƙare, me ya rage? A tsakar gida na ɗaura su, da la'asar, Inna na gefe tana wanke ƙwaryar da ta zo da ita. Na ja ta birkin, mafi kauri. Ta yi wani gurnani mai tsawo, fatar guzar tana rawa.

Hannun Inna ya tsaya cikin ruwa. Na jira faɗa, na jira a ce wa bango an haifi maroƙi. Sai ta ɗago ta dube ni, ni kaina, a fuska.

"Sake," ta ce.

Na sake ja.

"Haka saniyata take yi in ta ga na ɗauko ƙwarya."

Ta mayar da kai kan wankinta. Ni kuwa na kasa ganin wayoyin, hawaye sun cika mini ido, ga haushi ga tausayi.

Na bar kwalba, na zama mai bas a ƙungiyarmu, ban kuma ji daɗin da na zata zan ji ba. Ƙullin kuɗin nan Inna ta ƙi karɓa, sai na kai shi kara na sayo mata wata saniyar, ja ita ma. Ƙanwata ce ke tatsarta, Inna ba ta taɓa kai mata ƙwarya ba. Amma daga shekarar nan ta riƙa zuwa Magariya bayan kaka. Sai ta zauna bayan ƙofa, ta fuskanci bango, ta ce, "A ce masa ya taɓa mai kaurin."