Ayoyin da Malam Ilu Ya Tace

Shagon hatsina yana manne da injin niƙan Malam Ilu a Dutsin-Ma. Bango ɗaya ya raba mu, benci ɗaya muke zama. Ni Musulmi ne, shi Kirista, kuma a tsawon zamanmu ban taɓa ganin wannan ya hana shi tsoma hannu a kwanon tuwona ba, balle ya hana ni shanye masa fura. In lokacin salla ya yi shi ke duba mini shago. Ran Lahadi kuwa ni ke sallamar matan da suka kawo niƙa, in ce su dawo gobe, mai injin ya tafi coci.

Asalinsa mutumin wani ɗan ƙauye ne a gefen Wurma, can ƙasar Kurfi, inda danginsa suke Kirista tun zamanin kakansa. Su biyu iyayensu suka bari, shi da wansa Sodangi. Sodangi ya zauna a gona, Ilu ya biyo gari. Bai yi boko da ƙuruciya ba, sai da gemu ya fito sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, amma tun da ya iya karatu aka shiga uku da shi. Ko takardar da aka ƙunso masa ƙosai sai ya karanta kafin ya yar. Da haka ya zama dattijo a cocinsu, in fasto ya yi tafiya shi ke wa'azi.

'Yarsa Saudatu, wadda ke aikin jinya a Katsina, ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, ta sa masa manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa. Akwai wani ɗan gurbi a sama, in ka rubuta kalma sai duk ayoyin da ke ɗauke da ita su jeru. Makon farko ban huta ba.

"Alhaji Kamilu, taho ka ga ikon Allah! Har wake na ciki!"

Ya nemi jaki, ya nemi fari, ya nemi rijiya. Da ya rubuta "ruwa" sai ayoyi suka zubo masa ba iyaka, ya yi ta gungurawa har ya gaji. Saudatu ta bugo waya ta koya masa dabara: ya zaɓi Tsohon Alkawari ko Sabo, ya ƙara kalma ta biyu don a kawo masa ayoyin da suka haɗa duka biyun kaɗai, in kuma akwai kalmar da ba ya so, ya sa ɗan layi a gabanta, duk ayar da ke da ita za ta fita. Wannan ɗan layin ya fi komai burge shi. Ya ƙware ƙwarai, har matasan cocinsu suna zuwa ya nemo musu aya, yana yi yana hura hanci, garin dawa fal a girarsa.

Gonar da ubansu ya bari an raba ta biyu, layin gamba ne a tsakani. Sodangi ke nome duka, da kaka ya aiko wa ƙanensa rabonsa. Wata damina Sodangi ya ɗauko mai garmar shanu, baƙo ne bai san gonar ba, ya bi ta kan gambar ya tuge ta, ya haɗe kunyoyin. Da Ilu ya je ya gani ya tambaya, sai wan ya yi dariya.

"Haba Ilu, gonar ubanmu ce fa. Mi ya yi zahi? In mun kwashe amfani sai mu maida gambar."

Ilu ya ce, "To, Yaya," ya hau babur ya dawo. A wurinsu, kamar a wurinmu, ƙane ba ya tsayawa ya yi wa wansa gardama ido da ido. Maganar da bai faɗa a gona ba sai ya zo da ita benci, ya yi ta juya ta. Yau ya ce dariyar ce ta ɓata masa rai, gobe ya ce dama can Yaya yana ganin wanda ya bar ƙauye ba shi da rabo. Na ce masa kuskuren mai garma ne. Ya ce mai garma ai ba shi ya kai kansa ba.

Ana nan sai cocin ƙauyensu ya gayyace shi ya yi wa'azi ranar godiyar kaka, ranar da kowane manomi ke ɗauko damin gero ko kwaryar wake ya kai gaba a yi addu'a. Wata la'asar da aka ɗauke wuta, injin ya tsaya, ya ɗora kwamfutar a cinya ya fara shiri, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. Ya rubuta "gona", ayoyi suka cika fuskar kwamfutar. Ya ƙara "iyaka", suka ragu. Ya share, ya gwada "ɗan'uwa". Nan na ga ya ɓata fuska, don abin da ya jeru yawanci maganar haƙuri ce da yafiya, da cewa in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka same shi ku biyu kaɗai.

"Ba waɗanga nike nema ba," in ji shi.

Ya koma kan "iyaka", ya tsayar da binciken a Tsohon Alkawari, ya sa ɗan layin nan a gaban "gafara", ya sa a gaban "jinƙai". Ayoyin iyakokin ƙasashe da ƙabilu ma ya kore su. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, duk gargaɗi ne ga mai matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa, ɗaya ma la'ana ce ƙarara.

Na ce, "Malam Ilu, kai da ke sana'ar gari, yau ka tankaɗe ka zubar da garin ka riƙe dusa?"

"Alhaji, ba ni na rubuta su ba. Suna ciki."

Gaskiya ne suna ciki, kuma littafinsu ne ba nawa ba, sai na koma kan hatsina.

Ban je wurin wa'azin ba, amma shi da kansa ya ba ni labari, mutanen Wurma masu kawo mini wake suka cike sauran. Coci ya cika, mata sun yi waƙa, Sodangi ya kai daminsa gaba, mafi girma a wurin, ya koma ya zauna a layin dattawa. Ilu ya tashi ya karanta ayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai ambaci sunan kowa ba, amma ƙauyen ba wanda bai san zancen gambar ba. Da ya karanta ta la'anar, jama'a suka amsa da amin kamar yadda suka saba amsa kowane karatu, baki ya riga tunani. Sodangi ya ɗauki hularsa daga gwiwa, ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Tsoho mai furfura, maƙwabtansa da 'ya'yan da ya goya sun taru sun ce amin a kansa.

Kafin damina ta zagayo Sodangi ya dasa sabuwar gamba, ya ma matsa da ita cikin nasa rabon. Bai ƙara sa fartanya a gefen Ilu ba, bai ƙara taka cocin ba. Ran Lahadi sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya ya yi addu'arsa shi kaɗai.

Ilu ya gane abin da ya yi tun kafin ya sauko daga wurin wa'azin, wannan zan shaide shi. Ya rame, ya daina tsokanata. Sai dai maimakon ya tafi, kwamfutar ya koma wa. Ya cire layukan nan, ya tara ayoyin sulhu, ya ce so yake ya je da maganar da ta dace. Kullum akwai wadda bai gama dubawa ba. Raina ya ɓaci, na ce masa, "Wan naka ba aya yake jira ba, ƙafarka yake jira. Ga babur, mu tafi yanzu." Ya ce bari a gama shuka. Aka gama, ya ce bari a yi kaka. Kunya ce kawai ta ɗaure shi, kuma ina ganin ya san haka.

Wata safiya Turai, matar Sodangi, ta bugo waya. Mijinta ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ni na goya Ilu a babur zuwa ƙauyen, kwamfutar tana shago bai ko tuna da ita ba.

Mun tarar da Sodangi kwance a soro. Idonsa biyu, ya kuma gane mu. Ilu ya durƙusa, duk abin da ya tara bai zo bakinsa ba.

"Yaya, ni ne. Na yi maka laihi gaban jama'a. Ka yahe mani."

Leɓen Sodangi ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Ya ɗaga hannun da ke da sauran rai da ƙyar, ya kai shi ƙirjin Ilu. Hannun ya ɗan tsaya a nan, sannan ya zame ya faɗi kan tabarma. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa a makon.

Bayan an yi jana'iza, da mutane suka ragu, Ilu ya matsa kusa da Turai.

"Ke kin hi kowa saninshi. Hannun nan da ya ɗora mani, riƙe ni ya yi ko ture ni?"

Turai ta dube shi. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi masa ƙarya ba.

"Ilu, da ka zo yana da baki, da ka ji daga gare shi."