Kwalbar da Na Ɓoye a Duron Iya

Wata Asabar ce cikin Janairun 2011, ina shekara tara, muka wayi gari dusar ƙanƙara ta binne motocin layinmu a unguwar Tremont ta Amurka, har tasin Baba ba a ganin komai nata sai fitilar sama. Yaran bene duk sun fita da kwalaye suna sulu a gangaren filin wasa, ni kuwa an tsare ni a falo, domin ranar ce ta ɗaure duro. Shuɗin duron roba ne, ya kusa kai ni tsawo, shekara guda yana tsaye a bayan ƙofa muna cin karo da shi. Duk abin da Baba ya tsinta da rahusa sai ya ajiye a gefensa: sabulu, takalma, man shafawa, tocila, gwangwanayen madarar gari. Kayan Iya ne, mahaifiyarsa, wadda ke Bur Sudan a bakin Bahar Maliya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Ummi.

Kakanninmu Hausawa ne da suka kama hanyar hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Kafin Baba ya zo Amurka dako ya yi a tashar jiragen ruwan Bur Sudan, yana loda buhunan riɗi da ƙaro, kuma har ya tsufa bai yarda akwai wanda ya kai shi iya shirya kaya ba. Mama kan ce ko firjinmu ba ya buɗewa sai ya sake wa tumatir wurin zama. Mai nauyi a ƙasa, mai laushi a tsakiya, safa a cusa cikin takalmi, kada a bar ramin da yatsa zai shiga. Dokarsa guda biyu ce, kuma mun haddace ta kamar karatun Islamiyya: "Ba ruwa, ba gilashi." Ya ce ɗigon ruwa ɗaya in ya yi wata uku cikin zafin kwantena, fumfuna zai cinye kayan mutane goma.

Ni dai ban taɓa ganin Iya ba. Duk Lahadi ana miƙo mini waya, ta yi ta zuba Hausarta mai gauraye da Larabci, ina jin komai, amma bakina ya ƙi buɗewa sai da Turanci, ita kuma ba ta jin ko kalma ɗaya. Abin yana ci mini rai ƙwarai. A makon nan na ji tana tambayar Baba, wai da gaske ne ƙanƙara kan zubo daga sama kamar garin gero, ita dai da za ta gani da idonta. Don haka da Baba ya shiga sallar azahar, na ɗauko tsohuwar kwalbar zuma, na buɗe taga na danƙara mata ƙanƙara, na sa leda a baki, na murɗa murfi, na naɗe da salatif yadda na ga yana yi wa gwangwanaye. Na nemi abin da ya fi komai laushi a duron, wani farin yadi sabo fil, na tura kwalbar can cikin ninkinsa. A wayona na lokacin, tun da kwalba a rufe take, sanyin ma a rufe yake. Da la'asar Alhaji Idi, wani mutumin Nijar mai sana'ar aika kaya, ya zo da yaransa suka gangara da duron.

Kwana biyu ina tafiya da ƙafar jarumai. A rana ta uku muna wurin injinan wanki ina ninke wa Mama zannuwa, na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa farin yadin nan na cikin duro likkafani ne. Iya ce ta roƙa, ta ce tana so a rufe ta da abin da ɗanta ya saya da guminsa, tun da ba lallai ya samu zuwa ba. A makon nan kuma malamar kimiyya, kamar an aiko ta, ta ajiye ƙanƙara a kofi kan tebur muna kallo ta zama ruwa. Na karya doka biyu a wuri ɗaya, kuma a cikin likkafanin kakata.

A lokacin aika kaya kai tsaye zuwa Sudan akwai wuya, don haka Jidda duron zai sauka, wurin Gwaggo Hauwa, ƙanwar Baba. Akwai taswira manne a jikin firji, kullum Baba ya dawo aiki sai ya ɗora ni kan kujera ya bi hanyar jirgin da yatsa. Ga Tanja a bakin mashigar teku, inda manyan jirage kan sauke kwantenoni wasu su kwasa, kamar tashar mota. Ga Bur Sa'id, inda jirage ke jerin gwano su ratsa mashigin Suwez, yashi dama da hagu. Ga Jidda, wadda ya ce injinan ɗaga kayanta sun fi benenmu tsawo, abincin Makka da na alhazai ta nan yake shiga. Daga nan Gwaggo za ta hau jirgin fasinja ta tsallaka da duron zuwa Sawakin, kusa da Bur Sudan, inda ake lodin raguna. Shi yana ba da labari fuskarsa na haske, ni kuwa duk tashar da ya ambata, ƙugiya nake gani ta ɗaga duron ta maka shi da ƙasa. Sau uku ina buɗe baki in faɗa, sai in ga yadda yake shafa Bahar Maliya da babban yatsa, in haɗiye maganata.

Sai da itatuwan layinmu suka yi ganye aka kira daga Bur Sudan, wata Lahadi da hantsi. Baba ya saurara, ya juyo ya dube ni, ya miƙo mini wayar. "Takwara," in ji Iya, "Hauwa ta ce ruwan rubutu ne, ni na ce aikinki ne. Ruwan mene ne a kwalba?" Ban san inda Hausar ta fito ba. Na ce, "Ƙanƙara ce, Iya. Kin ce kina son gani. Ta narke." Ta yi dariya har da tari, ta kira maƙwabta tana maimaita musu. Ko ɗigo bai zuba ba, yadin yana nan fari tas. Na tsaya jiran faɗa, amma Baba tambaya ɗaya ya yi, yadda na rufe bakin kwalbar. Da na gaya masa, ya kaɗa kai ya ce da Mama, "Leda kafin murfi. Kin ga 'yar ɗan dako." Ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Bayan shekara huɗu Iya ta rasu, ba mu gana ba, Baba ma bai samu zuwa ba. Gwaggo ta ce kwalbar tana cikin yadin a akwati duk tsawon shekarun, kuma Iya ta bar wasiyya a yayyafa ruwan a kan kabarinta. Haka aka yi.

Yanzu a waya nake nuna wa Baba inda kowane jirgi yake, ɗan ɗigo yana rarrafe a kan teku, ba sauran zullumin wata uku. Yakan duba, ya gyara tabarau, ya maido mini. Taswirar tana nan a firji ta koɗe, bayan ƙofa kuma babu duro. Duk ranar da ƙanƙara ta fara sauka nakan buɗe taga in tara hannu, in riƙe ta har ta narke.