Jinginar Maƙabarta

Wankan gawar mata shi ne aikina a unguwarmu, can bayan Sabon Gari a Gusau. Ba ni da surutu, ba a kuma kawo mini gulma, don an san ba na saurara. Duk da haka kalma ɗaya daga bakina ta cire wa mutum ido, saura ƙiris ta ɗauki ransa.

Daminar shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau, ruwa ya ci gefen maƙabartarmu. Ba ta da katanga. Awaki na shiga, masu kura na ratsawa ta ciki don yanke hanya, kwarin gabas kuma yana ta zaftare ƙasa. Wata safiya bayan ruwa aka ga likkafani ya leƙo a bakin kwarin, karnuka na ja. Mata ba ma shiga maƙabarta, amma na san mutanen cikinta fiye da mazan da suka binne su. Mijina yana can, da 'ya'yana biyu.

Ɗan majalisar da muka zaɓa ɗan unguwa ne, tsohon malamin firamare, siriri mai tabarau. Ya zo ya tsaya a bakin kwarin ya daɗe, ya ce zai kai maganar majalisa. Ya kuwa kai. Kullum da la'asar nakan ɗora rediyo a kan turmi in ji labarin zaman ranar, kuma na ji an ce ya tashi ya nemi a toshe kwarin a zagaye wurin da katanga.

Wata Laraba mai karanta labarai ya ce, "Majalisa ta jingine maganar maƙabarta." Sauran zancen injin niƙan maƙwabta ya cinye shi.

Ni 'yar garin Rawayya ce. A wurinmu jingina abu ɗaya ce: ka miƙa gonarka ga mai hali, ya noma ya girbe, kai kana kallo daga kan iyaka. Haka gonar mahaifinmu ta tafi, ba ta dawo ba. Ban yi boko ba, ban san majalisa na da nata jinginen ba, wanda ke nufin a ajiye magana gefe sai wani zama. Ga shi dama ana ta cewa wani attajiri na neman fili a bakin hanya ya gina gidan mai. Sai na haɗa wannan da wancan.

Ƙanena direban motar Bungudu ne, yakan biyo ya ci tuwo a gidana in ya sauke fasinjan ƙarshe. Ya shigo ya same ni zaune, murhu babu wuta.

Ya ce, "Yaya, yau azumi za a sa ni?"

Na ce, "Sun jinginar da maƙabarta."

"Mi kika ce?"

"Abin da ka ji. Rediyo ta faɗa, da kunnena na ji."

Da wata ce ta faɗa, da dariya zai yi ya nemi tuwonsa. Amma ni ce, wadda bai taɓa kamawa da ƙarya ba tun yana rarrafe. Matarsa ta fari a maƙabartar take kwance. Ya sa takalminsa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Washegari kafin hantsi zancen ya cika tasha. Ya yi ƙafa ya yi hannu: an riga an auna wurin, katafila na kan hanya, za a kwashe ƙasusuwa a zuba a kwari. Direbobin Tsafe da na Bungudu suka ajiye motoci, mahauta suka bar tebura. Na ji ƙugin jama'a ya wuce ta ƙofar gidana, na leƙa na ga gora da adda da ƙarafan kwance taya. Na yafa mayafina na bi bayansu. Ba don in hana ba. Fuskar ɗan majalisar nake son gani.

Da aka isa ƙofar gidansa, motarsa suka fara yi wa. Dutse ɗaya gilashin gaba ya zube, aka kifar da ita, aka zuba mai aka kyasta ashana. Hayaƙi ya turnuƙe layin, mata na ihu daga cikin gida. Sai ga shi ya fito daga zaure, ba hula, da wasu takardu a hannu.

"Jama'a, don Allah ku saurara!"

Wani ya ce, "Honarabul mai alli! Wa ka jinginar wa kakanninmu?"

"Ba abin da aka jinginar! Ga takardar zaman jiya, ku ba wani ya karanta muku!"

"Je ka karanta wa uwarka!"

Ya juya wajen mai maganar, muryarsa ta tsage. "Uwata tana can cikin maƙabartar! Uwar tawa zan sayar?"

Ni na wanke uwarsa, damina biyu da suka wuce. Na tuna tabon ƙuna a wuyan hannunta, na tuna shi tsugune a ƙofar ɗaki yana miƙo mini turare. Tun jiya wannan yana cikin kaina, fushi ya hana ni dubawa.

Na buɗe baki, amma gora ta riga ni. Ta same shi a kafaɗa, takardun suka watse. Ya durƙusa, aka hau shi da ƙafa. Na ga ƙanena ya ratso mutane da ƙarfen taya, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke masa a fuska. Na ji ƙarar ƙashi. Tabarau ya fashe ya shige cikin idon hagu, jini ya yi tsartuwa har kan rigar ƙanena. Wani mahauci ya matso yana zare wuƙa daga kube.

Ban san yadda na isa tsakiyarsu ba. Na dai san na ture mahaucin da ƙirjina, na cire mayafina na shimfiɗa a kan mutumin tun daga kai har ƙafa, yadda nake rufe waɗanda na gama wankewa. Na zauna a gefensa na ɗaga murya. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar wutar mota. Duk unguwar nan sun san wanda na rufe ba ya tashi. Wani ya ce, "Ya cika!" Wani ya ce, "An yi kisa, wallahi an yi kisa!" Gora ta fara faɗuwa ƙasa. Waɗanda suka zo suna ƙugi suka tafi suna tuntuɓe da juna, kowa na neman lungun da ba a gan shi ba.

Hannuna yana kan ƙirjinsa, ina jin numfashinsa yana hawa da ƙyar. Ya yunƙura, na danne shi na sunkuya. "Kada ka motsa, ɗana. Kai gawa ne sai na ce ka tashi."

Mutum ɗaya ya rage tsaye, ƙanena, da ƙarfen a hannu. Na ce, "Yar da wanga abu ka kawo mota."

"Yaya, ai ya..."

"Kawo mota na ce."

Shi ya kai mu asibiti, kan mutumin a cinyata, jini na jiƙa mini zane.

Idon bai tsira ba. Bayan kwana huɗu na koma duba shi, na tarar an naɗe masa rabin fuska. Na ƙi zama a kujerar da aka miƙo mini. Na ce, "Ni na fara faɗa. Na ji an ce an jingine, na ce an jinginar."

Ya juyo da idon da ya rage ya dube ni. Sannan ya ce, "Inna, ni da kaina na roƙi a jingine ta. So na yi a tura masu awo su ga kwarin, kada a yi mana katanga a bar ruwa yana ci ta ƙasa." Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. "Da kin aiko an tambaye ni."

Na ce, "Da na aiko."

'Yan sanda sun tambaye shi wanda ya buge shi, ya ce hayaƙi ya hana shi gani. Ƙanena ya ajiye tuƙi ya koma Rawayya noma. Yana gaishe ni da Sallah, amma bai sake cin tuwona ba, ni ma ban kira shi ba.

Ɗan majalisar ya koma zama da baƙin tabarau, ya sake tayar da maganar. Da rani aka toshe kwarin, katanga ta biyo baya. Idan na fito daga gidan rasuwa nakan bi ta gefenta in shafa bulon da hannu, daidai inda aka ce mini nawa suke. Mayafin nan na wanke shi da toka, na wanke da sabulu, tabon bai fita ba. Yana ƙasan akwatina, na kuma gaya wa wadda za ta wanke ni cewa da shi za a rufe ni kafin a kawo likkafani.